Goyon Inna Mairo

Ina fara gode wa Allah da ya ba ni ikon zama a kan kujera har na rubuta wannan, domin akwai lokacin da zaman kansa ya gagare ni. Na rubuta ne saboda mata irina masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda suke sungumar mutum kamar buhun gero, ana yaba musu suna jin daɗi. Sunana Asabe. A Rigasa nake zaune da maigidana Malam Sani, direba ne a tashar Kawo. Kuma gara in faɗa muku tun yanzu, ciwo biyu na yi jinya a lokaci guda. Ɗaya a gadon baya yake, shi likita ya gani a hoto. Ɗayan kishi ne, wadda nake yi da ita ma ba ta san ana yi ba.

A wani gida nake aiki a Unguwar Kanawa, wanda wasu mata masu hali suka buɗe don tsofaffin da ba su da mai riƙe su. Kun san a wajenmu abin kunya ne a ce an kai tsohuwa irin wannan wuri, don haka duk wadda aka kawo da karyayyar zuciya take zuwa. Ga abinci, ga magani, ga fanka, amma idonta yana bakin ƙofa. A cikinsu akwai Inna Mairo, Bakatsiniya, tsohuwar mai fura. 'Ya'yanta duk sun riga ta gidan gaskiya, ga gwiwoyi sun daina ɗaukarta. Bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau.

Ranar da aka kawo ta, aka turo mata keken marasa lafiya don a kai ta wanka. Ta dubi keken, ta dubi mai turowa.

"Ni ba gurguwa ba ce," in ji ta, "kuma ba bara za ni ba. Ku fitar mani da abin nan."

Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ta ƙi. Har kwanaki suka wuce sai dai a goge mata jiki da tsumma a kan gado. Ni kuwa wata safiya abin ya ishe ni. Na gyara ɗaurin zanina, na juya mata baya, na durƙusa, na ce, "Inna, hau."

Can sai na ji hannuwanta sun zagayo wuyana. Muna tafiya a barandar nan ina jin ɗumin hawayenta a ƙeyata. Da muka kai ƙofar banɗaki ta ce a hankali, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata."

Tun daga ranar ba ta ƙara kiran sunana ba. Kowa a gidan da sunansa take kiransa, har Hajiyar da ke shugabancin gidan, ni kaɗai ce ɗiyata. Ni ma tun ina ƙarama na rasa mahaifiyata, ban taɓa samun wadda zan yi wa irin wannan hidima ba, sai kalmar ta shige ni sosai. Muka yi wata alama tsakaninmu. In na shigo ɗakin da safe ba ta cewa komai, sai dai ta ɗaga hannuwa biyu sama kamar yaro, ni kuma in juya baya.

To, tsofaffi ma akwai gasa. Da sauran suka ga ana goya Inna Mairo, sai kowacce gwiwarta ta fara ciwo. Kafin a ankara na zama motar haya, wanka ni, alwala ni, shan hantsi a tsakar gida ni. Aka sa mini suna Asabe mai goyo. In baƙi sun zo ziyara, Hajiya ni take nunawa, ta ce, "Wannan kamar uwarta take riƙe su." Ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji har cikin raina.

Ana haka aka kawo mana wata malamar gashin ƙashi daga asibiti ta koya mana yadda ake ɗaga mutum. Ta ce a daina sunkuyawa daga ƙugu, a buɗe ƙafa, a lanƙwasa gwiwa, a jawo mutum kusa da jiki. Ta ce kada a murɗa baya ana riƙe da nauyi. Ta nuna mana yadda mutum biyu suke juya mara lafiya da zanin gado, ɗaya nan ɗaya can, da wata faffaɗar ɗamara mai mariƙi da ake ɗaura wa tsohuwa a ƙugu a taimaka mata ta koma kan keke. Da ta ji labarin goyona sai ta riƙe baki. Ni kuwa ina daga baya ina cin gyaɗa, ina cewa a raina wannan ba ta san tsofaffinmu ba. Uwa ake ja da zanin gado kamar za a shanya hatsi?

Mutum ɗaya ce ta ɗauki karatun nan da gaske, abokiyar aikina Salamatu. Bazamfariya ce, ta ɗan girme ni a tsawo, na ɗan girme ta a shekaru, mace mai sanyin magana da ba ta gaggawar komai. Washegari sai ga ta da wando a ƙarƙashin doguwar riga, wai don ta iya buɗe ƙafa ba tare da jin kunya ba. Ta matsa wa Hajiya aka kira kafinta ya ƙara wa gadaje tsawo. Tsohuwar da ba ta fi sillen kara ba, sai ka ji Salamatu tana kira, "Yaya Asabe, zo ki kama mani gefe guda." Nakan ce mata, "Ke dai ki ce ragwanci ke damunki," in ture ta in sungumi matar ni kaɗai. Sai ta yi murmushi ta matsa gefe.

Ciwon bayan bai kama ni kwatsam ba, ya daɗe yana aiko saƙo. Da asuba sai na dafa bango kafin in miƙe. In na yi wanki, miƙewa sai a hankali. Na mai da man zafi abokina, in biya kemis in karɓi ƙwayar ciwon jiki in haɗiye, in ce gajiya ce.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Na gama yi wa Inna wanka, na goyo ta, muna fitowa sai takalminta ɗaya ya suɓuce ya faɗi gefe. Maimakon in bar shi, sai na karkata na miƙa hannu, ga ta a bayana, ga ƙasa a jiƙe. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙasan bayana, sannan zafi ya tsarga har tafin ƙafata ta hagu. Ban yar da ita ba, wannan kam ina gode wa Allah. Na ja ƙafa na kai ta bakin gado na sauke. Daga nan miƙewa ta gagara. A durƙushe Salamatu ta same ni, goshina a kan katifa, Inna tana ta bubbuga kafaɗata tana cewa, "Ɗiyata, mi ya same ki?"

Makon farko a gida na yi shi, a hannun dangi. Yayata Binta ta tare a wajenmu, Allah ya saka mata, ita ce wanka, ita ce girki, ita ce kai ni bayan gida. Amma Yaya Binta ba ta yarda da asibiti ba sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ta kawo wanzami ya yi mini ƙaho, ya nuna mana baƙin jini ya ce ga ciwon nan ya fita. Bai fita ba. Surukata ta aiko da wani mai ɗori daga Kawo, ya kwantar da ni rub da ciki ya danna gwiwarsa a bayana, na yi ƙarar da maƙwabta suka leƙo. Bayan tafiyarsa yatsun ƙafata suka mutu, in an taɓa kamar ba nawa ba. Masu dubiya kuwa kowa da maganinsa, wannan ta ce jiƙon sassaƙe, waccan ta ce in kwana a kan tabarma, wata ta ce sanyi ne ya kama ni.

Wata yamma Yaya Binta tana shafa mini man kaɗanya sai ta rage murya.

"Ni fa Asabe abin nan bai kwanta mini ba. Shekara nawa kina goyon nan lafiya lau? Wa ke riƙe da tsohuwar taki yanzu?"

Na ce, "Salamatu."

"To." Ta tafa hannu. "Ni dai ban ce komai ba. Amma jifa gaskiya ne."

Na san Salamatu ko kaza ba za ta iya jifa ba. Duk da haka ban musa mata ba, domin maganar ta yi mini daɗi. Ya fi mini sauƙi a ce wata ce ta yi mini, da a ce matar da na yi wa dariya ita ce a kan daidai.

Malam Sani ne ya raba gardama a mako na biyu. Ya dawo daga tasha ya ga ina jan ƙafa, ya ce gobe asibiti, ba ya son jin wata magana. Wanda bai taɓa shiga Keke Napep daga Rigasa da ciwon baya ba, bai san yawan ramukan hanyar nan ba. Kowane rami sai na kira sunan Allah. Muka isa muka tarar da layin yankar kati ya kai bakin ƙofa, bayansa ga layin ganin likita. Zama a benci ya gagare ni, tsayuwa ma haka, sai Yaya Binta ta shimfiɗa mini ɗankwali a gefen baranda na kwanta, mutane suna tsallake ni.

A kwancen nan na gane kishina ya wuce kan Salamatu, ya koma kan duk mai lafiyayyen baya. Wata mai shara ta zo wucewa, ta sunkuya ta ɗauki ledar ruwa a ƙasa ta miƙe ko a jikinta, na bi ta da harara. Wata ta duƙa ta saɓa ɗanta a baya ta ɗaure zani tana hira, na kau da kai. Lokacin azahar na ga mata sun jeru suna ruku'u, ni kuwa sai nuni da ka nake yi daga kwance. Ban taɓa sanin ruku'u abin sha'awa ne ba sai ranar.

Sai bayan la'asar muka ga likita. Ya ɗaga ƙafata ta hagu, tun ba ta yi nisa ba na riƙe hannunsa. Ya tura mu hoto, hoton bai nuna abin da yake nema ba, ya ce sai babban hoto, wanda ake tura mutum cikin wani rami mai ƙara. Wannan ba a yi shi a nan, sai wani wuri, kuma ba da sauƙi ba. 'Yan kunnena na aure suka tafi, akuyar da nake kiwo ta bi su. Malam Sani ya riƙa barin lodi a tasha yana raka ni, kuma duk ranar da direba bai fita ba kun san abin da tukunya take ciki. Hajiyar wurin aikinmu ta aiko da taimako sau ɗaya da gaisuwa mai kyau, na gode mata. Bayan haka sai addu'a ta waya. Shekarun da na yi ana nuna ni ga baƙi, babu wanda ya taɓa tanadar abin da za a yi in bayan ya lalace.

Da muka koma da sakamakon, likitan ya ɗaga hoton ya nuna mini. Ya ce tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani abu mai laushi kamar matashi, nawa ɗaya ya fito daga wurinsa yana danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Ya tambayi aikina, na faɗa masa, har da ɗan alfahari. Ya ajiye biro.

"Goyo? Babbar mace?"

Na ce ai ba ta da nauyi, kuma tsautsayi ne, takalmi ne ya faɗi.

"Malama, ba ranar nan kika ji ciwo ba," in ji shi. "Ranar nan ce dai bayan ya gaji da haƙuri. Za mu gwada magani da gashi. Amma in kika sake goya babban mutum, a ɗakin tiyata za mu haɗu, kuma ban yi miki alkawarin ƙafar nan ba."

Wannan maganar ta zauna mini. A hanyar komawa gida ba ƙafar nake tunani ba, hannuwan Inna Mairo nake gani a ɗage.

Domin duk kwanakin nan, abin da nake riƙe da shi a raina shi ne Inna ba za ta yarda da kowa ba. Na tabbata tana can ta ƙi wanka, ta ƙi keke, tana tambayar ina ɗiyarta. Kunya ce in faɗa, amma haka nake so in ji. A mako na uku na kasa daurewa na kira Salamatu. Muna cikin gaisawa sai na jiyo wata dariya a bayanta, dariyar da ko a cikin kasuwa na ji ta zan gane.

Na ce, "Wa ke dariya haka?"

"Inna ce. Muna tsakar gida tana shan hantsi."

"Wa ya fito da ita?"

"A keke muka fito."

Na gyara riƙon wayar. "Inna Mairo? A keke?"

"Wallahi kuwa, Yaya Asabe. Kwana biyu ta ƙi. Sai na shimfiɗa darduma a kai, na nuna mata a waya yadda ake tura manyan hajiyoyi a cikinsa suna ɗawafi a Makka. Na ce mata ai keken alhazai ne. Yanzu in ba a kawo shi da wuri ba har faɗa takan yi."

Na ce madalla, Allah ya saka. Na kashe wayar na juya fuskata bango. Abincin rana ma ban ci ba. Ni na ba da bayana, ita ta ba da darduma, kuma ga shi duk wanka ɗaya ake yi. Me ya sa dabarar nan ba ta zo mini ba? Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Tambaya ɗaya ce na kasa yi: da wane suna Inna take kiranta yanzu?

Ranar wata Asabar sai ga Salamatu da kanta ta zo dubiya, ɗauke da kwanon fura. Ta ce Inna ce ta zauna a kekenta ta riƙa ba da umarni har aka dama yadda take so. Yaya Binta ta karɓi kwanon da yatsa biyu ta kai shi can bayan randa, ta yi mini ido. Na san ba za a sha furar ba.

Ana cikin hira na so in gyara kwanciya. Yaya Binta ta taso kamar kullum ta zura hannuwa a hammatata za ta ja ni sama, ni kuma na riga na cije leɓe, don na san abin da ke biyowa.

"Dakata, Yaya Binta," in ji Salamatu. "Kar ki ja ta haka, ke ma naki bayan za shi tafi. Kama bakin zanin gadon nan ta wajenki."

Yaya Binta ta kama tana ƙunƙuni. Salamatu ta ce in naɗe hannuwa a ƙirji in lanƙwasa gwiwa. Ta buɗe ƙafafunta, ta ɗan rusuna, ta ce bismillah, suka ja tare. Sai na gan ni a kan gefena, an tura mini matashi tsakanin gwiwoyi. Ban ji komai ba. Tun da na kwanta ba a taɓa juya ni ban yi ƙara ba sai ranar.

Kuna tsammani na ji daɗi? Haushi ne ya kama ni. Na so a ce ko ɗan zafi na ji, in samu abin faɗa. Ga shi kuma a bakinta na ji cewa Hajiya ta ɗora ta a kan koya wa sababbin ma'aikata yadda ake ɗaga tsofaffi, kuma an hana goyo a gidan gaba ɗaya. Ta faɗa ne ba da wata manufa ba, har tana cewa kowa yana kewata. Da za ta tafi, ina kallonta ta ƙofa ta duƙa ta gyara maɗaurin takalminta ta miƙe tsaf. Na ce a raina, ji ta, ko ɗan ƙas bai yi ba.

Bayan ta tafi na sa aka ɗauko mini furar daga bayan randa. Yaya Binta tana salati na shanye ta tas. Hannun Inna ne, har da yawan citta da take so.

Daga nan sai zaryar gashi. Ana sa mini wani abu mai ɗumi a baya, a koya mini motsa jiki iri-iri, wasu a kwance wasu a rarrafe, abin dariya ga mace mai shekaruna. Wata malama a wurin ta yi haƙuri da ni ƙwarai, ko da yake layin nasu ma sai ka yi sammako, kuma akwai ranakun da za ka je a ce babu wuta. Ta koya mini tashi daga gado ta gefe, da ɗaukar buta ba tare da sunkuyo ba. Ta sa Malam Sani ya ɗaura wa tsintsiyata doguwar sanda, ya ɗora mini bahon wanki a kan benci. Duk abin da take faɗa, na taɓa jin sa ina cin gyaɗa. A hankali yatsun ƙafata suka fara dawowa. Ranar da na fara yin ruku'u, ko da rabi ne, na daɗe a wurin ban ɗago ba.

Ga wadda take irin aikin nan, ba wa'azi zan yi miki ba, ni ma an yi mini ban ji ba. Amma in bayanki ya fara gaishe ki da asuba, kada ki rufe masa baki da ƙwaya. In kina jin kunyar buɗe ƙafa, sa wando. Ki kira ta biyu ko da za a ce ke raguwa ce. Masu yaba miki ƙarfi ba su ne za su kwanta a barandar asibiti ba. Masu irin waɗannan gidaje kuma, ku ji tsoron Allah, ku sayi kayan aiki, ku ƙara hannu, domin mace ɗaya ba za ta ɗauki ɗaki guda ba.

Bayan wasu watanni likita ya yarda in koma, da sharaɗin aiki mara nauyi: ba da abinci, ba da magani, taya hira. Na saka wandon da na ɗinka a ɓoye a ƙarƙashin rigata, na hau mota zuwa Unguwar Kanawa. Aka tare ni da murna, ana ta barka da arziki. Ni dai hankalina yana ɗaki ɗaya.

Na yi sallama na shiga. Inna Mairo tana zaune a bakin gado, ta ɗan rame, ga keken nan a gefe da dardumarsa. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗaga hannuwa biyu sama.

Jikina ya riga tunanina. Kafin in san abin da nake yi na juya mata baya, gwiwata ta fara sauka. Babu kowa a ɗakin. Daga nan zuwa banɗaki ba nisa. Sau ɗaya kawai, in ji zuciyata, ki nuna wa gidan nan akwai abin da darduma ba ta yi. Sai na ji ɗan zafin nan a bayan cinyata ta hagu, ƙarami, kamar tsinken allura. Na tuna barandar asibiti, na tuna Malam Sani yana barin lodi.

Na dafa gado na miƙe, na juyo na fuskance ta.

"Inna, ba zan iya ba. Bayan ya ƙare."

Hannuwanta suka ɗan jima a sama, sannan ta sauke su a kan cinya. Ta kalli bayana kamar tana iya ganin ciwon ta cikin riga, ta kalli keken.

"To, kira mani Salamatu."

Abin da na yi watanni ina tsoro ke nan, kuma da bakina aka ce in yi shi. Na leƙa baranda na kira ta. Ta zo da ɗamararta a hannu, ta ɗaura wa Inna a ƙugu, ta matso da keken ta taka birki.

"Yaya Asabe, riƙe mani keken kawai, kar ki ɗaga komai."

Na riƙe. Ta rusuna, ta ce bismillah, Inna ta dafa kafaɗunta, sai ga ta zaune a kan darduma tana gyara ɗankwali. Ko nishi babu wanda ya yi. Salamatu ta karɓi mariƙin keken daga hannuna ta fara turawa, ni kuma na bi su a baya da soso da kwandon sabulu, ina ɗan jan ƙafa. Barandar da na saba ratsawa da mutum a bayana, yau ni ce ake bari a baya. Idona ya cika, na ce a raina shi ke nan, Asabe, kin tsira da ƙafarki, kin rasa tsohuwarki.

Mun kai tsakiyar baranda sai Inna ta buga hannun keken da tafinta.

"Ke Salamatu, gudun mi kike? Tafi a hankali. Ba ki ga ɗiyata ba ta sauri yanzu?"